Kuɗin COGES a lakwal ɗin gwamnati: me uwaye ke biya, kuma ina nasu ya tsaya?

Duk shekara da an yi rantre a watan Oktoba maganar guda ce ke tashi a nan Tawa, a fada, a bakin masallaci, har cikin gurup ɗin WhatsApp na unguwa: ba an ce lakwal ɗin gwamnati kyauta ce ba, to wanga kuɗin COGES, wato kwamitin kula da lakwal, da yara ke zuwa gida suna tambaya na mine ne? Wani ya ce direkta ne ke ci, wani ya ce gwamnati ce ta yada lakwal ta bar wa talaka, wani kuma ya ce a'a in ba don kuɗin nan ba ko alli babu a aji. Kowa na da ɗan gaskiya a bakinshi, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Ni ina cikin masu cewa a biya, amma ba a biya ido rufe ba, kuma ba kowane kaya ne ya kamata a ɗora ma uwaye ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wanga rabon nauyi yana rubuce cikin doka tun da daɗewa. Dokar da ke tsara ilimi a Nijar, wadda ake kira LOSEN, ta 1998 ce, kuma ta faɗi a fili cewa kuɗin tafiyar da makarantun gwamnati ba daga aljihu guda za su fito ba. Gwamnati ita ke da albashin malamai da horar da su da littattafai da manyan gine-gine, ƙananan hukumomi wato komin su ma suna da nasu kaso na gini da kayan aiki da ruwa da wuta, su kuma iyalai an bar musu kayan karatun yaro da kula da lakwal ɗin. Kenan kyautar da ake faɗi ita ce ba a biyan kuɗin shiga aji kamar yadda ake yi a firibe, amma kaye da bik da ardwaz da gyaran abin da ya lalace dama can an rubuta su a kan uwaye. Matsalar ita ce masu manyan kason ba su cika kawo nasu cikakke ba, ko su kawo shi a makare, sai giɓin ya gangaro ƙasa ya faɗa ma wanda ya fi kowa kusa da yaron.

Kuma giɓin ba ƙarami ba ne. Nijar na cikin ƙasashen da sunka fi kowa yawan haihuwa a duniya, kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba, duk Oktoba sabbin yara ke kwararowa CI, wato ajin farko, fiye da na bara. Tun lokacin shirin shekara goma na ilimi da anka fara a 2003 an buɗe makarantu da yawa har ƙauyukan da ba su taɓa ganin mushe ba, an ɗauki malamai 'yan kwantaragi masu yawan gaske don a cike azuzuwa, wannan ci gaba ne babu musu. Sai dai yara sun fi gini sauri. Nan ne ajin zana ya shigo, ya zauna, har ya zama kamar al'ada.

COGES ɗin kanshi daga farkon shekarun 2000 ya fito, kuma mu mutanen Tawa muna da hannu a tarihinshi fiye da kowa. A 2004 ne hukumar JICA ta ƙasar Japan tare da ma'aikatar ilimi sunka fara wani shiri na makaranta don kowa a jihar Tawa, abin ya kama, a 2007 anka baza tsarin ƙasa baki ɗaya, daga baya ma Senegal da Burkina Faso da Mali da Madagaska sunka ɗauka. Yanzu a takarda sunan kwamitin na firamare CGDES ne, amma a baki kowa COGES yake cewa. Cikinshi akwai wakilan ƙungiyar uwayen yara APE, da wakiliyar mata uwaye AME, da malamai, yawanci shugaba daga cikin uwaye yake fitowa shi kuma direkta shi ke riƙe da rubutu. Kwamitocin komin guda kuma suna haɗuwa su yi tarayya, su riƙa zama lokaci lokaci kowa ya faɗi abin da ya yi.

To me ya sa abin ya kama a lokacin? Ba don Japanawa sun zuba kuɗi a makarantu ba ne, wannan shi ne abin da nake son a gane. Abu uku ne kawai sunka nace a kai, kuma na farkon shi ne zaɓe a ɓoye. Da can in an ce a kafa kwamitin uwaye, maigari ne zai nuna ƙanenshi ko liman ya nuna wani dattijo, a ce an yarda? kowa ya ce an yarda, don wa zai ɗaga hannu ya ƙi a gaban jama'a. Kwamitin ya zauna shekara goma ba wanda ya san me yake yi. Da anka zo da ƙuri'ar ɓoye sai abin ya canza. A tara gari a filin lakwal bayan la'asar, maza gefe mata gefe, masu takara su tsaya, kowane a ba shi alamarshi saboda mafi yawa ba su karatun boko, mutum ya shiga aji shi kaɗai ya sa wanda yake so cikin ambulan ya fito ya jefa, sannan a zazzage a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Matar da ba ta iya buɗa baki gaban surukinta ta samu ta zaɓi wanda ta san ba ya cin amana. Kuma mutum in shi ya zaɓi ma'aji da hannunshi, ba ya jin nauyin miƙa mishi dala ɗari.

Na biyu shi ne tsarin aiki na shekara, a zauna a taron gari a ce me ke damun lakwal ɗin nan, wanne za mu iya da kanmu, nawa zai ci, wa zai kawo me. Na uku a dawo ƙarshen shekara a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Shi ke nan. Kuɗin da ake tarawa daga nan ya samo asali, jama'a ne ke yanka ma kansu a taro, ba haraji ne da wani ofis ya aiko ba. Shi ya sa za ka ga wata lakwal dala ɗari ce kowane yaro, wata jika guda, wata kuma a ƙauye ba a ma maganar kuɗi sai damen hatsi ko tiya bayan girbi a sayar a sa a asusu.

In ka ga ana rigima kan kuɗin COGES a wata makaranta, bincika, kusan kullum ɗaya daga cikin ukun nan ne ya mutu. Ko dai kwamitin ya daɗe ba a sake zaɓe ba har yaran shugaban sun gama sun yi aure shi yana nan, ko an daina kiran taro sai dai a rubuta adadi a tabulo a ce yara su kwafa su kai gida, ko kuma an karɓa amma ba wanda ya taɓa jin lissafi. A irin wannan hali ko ba a ci ko dala ba zargi zai shiga, kuma uwaye na da hujja. Direkta shi kaɗai ya karɓi kuɗi ya ajiye a aljihunshi ya kashe, ko da niyyarshi fara ce tas, ya karya tsarin, don kuɗin a hannun ma'ajin da anka zaɓa ya kamata su zauna, da kaye guda da ake rubuta komi, kwanan wata, abin da anka saya, nawa, wa ya sa hannu.

Yanzu mu zo ga inda kuɗin ke tafiya, don nan ne zuciyata ta fi tsayawa. A makarantu da yawa babban abin da ke cinye asusun shi ne ajin zana. Duk wanda ya taɓa ganin ana yinshi ya san aikin: a nemo itace masu gwafa a haƙa rami a kafa, a ɗaura na bisa da igiya, a kawo zana da karan hatsi a kewaye a rufe, a jingina tabulo jikin wani icce, yara su zo da buhu ko tabarma ko bulo su zauna ƙasa. Kuma kara ba ya samuwa sai an gama girbi, kenan an ce an koma Oktoba amma ajin ba ya tsayuwa sai Nuwamba, wani wuri har Disamba. Hunturu ya zo iska na ratsa zana ƙura na cika ido, bazara ta zo zafi, sannan hadarin farko na ƙarshen Mayu ko Yuni ya kwashe rumfar, karatu ya ƙare. Yaron da ke ajin siminti da wanda ke ajin zana a takarda shekara guda sunka yi, amma a zahiri na zana ya rasa watanni. Baɗi kuma a sake tara kuɗi a sake saye a sake kafawa, abin da anka kashe bara gara da awaki sun gama da shi.

Ba ɓata lokaci kaɗai ba ne ma. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas a Yamai, yara wajen 20 sunka rasu, mafi yawansu ƙanana 'yan jardan. Ba a gama jimami ba, 8 ga Nuwamba na shekarar, a Maraɗi, aƙalla yara 25 sunka ƙone a irin wannan aji. Allah ya jiƙansu ya ba uwayensu haƙuri. A lokacin hukumomi da kansu sun ce azuzuwan zana a ƙasar sun kai wajen 36,000. Wallahi duk sanda naji ana yaba ma jama'a cewa sun yi ƙoƙari sun kafa rumfuna goma sai raina ya ɓaci, ƙoƙari kam sun yi, amma wannan ba abin da ya kamata ƙoƙarinsu ya tafi a kai ba ne. Ajin da zai daɗe aikin gwamnati ne da komin, doka ma haka ta ce. Aji guda na siminti da kwano da tabur-ban miliyoyin sefa yake ci, a ce lakwal mai yara 300 kowa ya ba da dala ɗari, jika 150 kenan in kowa ya biya, kuma ba kowa ke biya ba. Da wannan za a gina aji? Ba zai yiwu ba.

Akwai kuma masu cewa to ai sai gwamnati ko masu ba da tallafi su riƙa zuba kuɗin kai tsaye a hannun COGES, magana ta ƙare. An gwada, kuma a nan gida anka gwada. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 an ɗauki makarantu 1000 a jihohin Tawa da Damagaram, 500 anka ba kwamitocinsu ɗan tallafin kuɗi sauran ba a ba su ba, sannan masu bincike sunka kwatanta. Uwaye sun ƙara shiga harkar lakwal, an yi gyare-gyare, ƙananan yara sun ƙara zama a aji, amma sakamakon jarabawa bai motsa ba, abin mamaki ma fashin malamai ya ɗan ƙaru a makarantun da sunka samu kuɗin. Wani gwajin da JICA ta yi daga baya ya nuna kuɗi kaɗai ba su ɗaga karatu ba, sai inda anka haɗa da horar da kwamiti, anka nuna ma uwaye sakamakon yaransu ƙiri-ƙiri anka zauna da su kan abin da za a yi.

Ni wannan bai ba ni mamaki sosai ba. Uban da bai yi boko ba in ka ba shi kuɗin lakwal abin da idonshi ke gani zai gyara, katanga, ƙofa, randar ruwa, fenti. Ba zai san cewa ɗiyarshi tana CE2, wato aji na huɗu, amma ba ta iya haɗa baƙi biyu ta karanta ba, don kullum tana tafiya da safe tana dawowa da kaye cike da rubutu da ta kwafa daga tabulo. Ba laifinshi ba ne, ba wanda ya taɓa gaya mishi. Ranar da anka yi ma yara ɗan gwaji mai sauƙi, ƙidaya da tarawa da karanta gajeren layi, anka tara gari anka ce cikin yaran ajin nan ga waɗanda sunka iya ga waɗanda ba su iya ba, ranar ce taro ke yin tsit. Daga nan ne ake samun abin da ya fi kowane gini amfani cikin ƙarfin talaka, wato karatun ƙari bayan an tashi, da marece ko da dare ko ranar da ba lakwal, a raba yara gwargwadon abin da kowa ya iya ba gwargwadon ajinshi ba, wani saurayi mai BEPC da ke zaune a gari ko malamin da ya yarda ya riƙa bi da su, kwamiti ya sayi littafin atisaye da alli da fitila mai caji, a ɗan ba mai koyarwa na sabulu. Wannan jika 150 na iya ɗaukarshi.

Haka batun zuwan yara, musamman mata. Ansfekta daga Tawa ko Kwanni ko Buza ba zai san wace yarinya ce ta kwana uku ba ta zo ba don an ɗora mata talla ko ana shirin yi mata aure, matan AME su sun sani tun kafin magana ta fita, kuma su ke iya shiga har ɗaki su yi magana da uwar. Wannan aiki ne da ba a biya amma ya fi kuɗin tsada. Malamin da anka turo ƙauye nesa da gida kuma, sau da yawa ɗan kwantaragi ne da ɗan abin da yake samu sai ya yi tafiya zuwa babban gari ya karɓo, in gari ya ba shi ɗaki mai kyau anka kula da ruwanshi ya fi zama. Amma a nan ma akwai iyaka, kwamiti ba ya ɗaukar malami ba ya korar malami ba ya biyanshi albashi, in mushe ba ya zuwa abin da uwaye ke iya yi shi ne su yi mishi magana, in ya ƙi su kai gaba. Wataƙila ma abin da ya sa fashi ya ƙaru a wancan gwajin kenan, an ba uwaye kuɗi da baki amma ba a ba su iko a kan malami ba, wasu malaman kuma ba su ji daɗin a ce manomi na sa musu ido ba.

Abu guda da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne koro yaro gida don ubanshi bai biya ba. Ana yi, kowa ya san ana yi, a ce duk wanda bai kawo na COGES ba ya fita. Kuɗin da jama'a sunka yanka ma kansu don taimakon lakwal ba shi ne tikitin shiga aji ba. Mai yara shida a lakwal guda da mai ɗa guda ba ɗaya ba ne, shekarar da damina ta yi gardama a Adar da shekarar da rumbu ya cika ba ɗaya ba ne, marayu kuma suna nan. Kuma in an koro yara biyu gida guda anka samu kuɗin mutum ɗaya, kowa ya san wa za a mayar, namijin, ita macen ta zauna, shi ke nan an yi asarar abin da ake ta wahala a kai. Taron da ya yanka kuɗin shi ya kamata ya faɗi tun farko wa anka yafe ma, a ƙayyade iyakar abin da gida guda zai biya komi yawan yaranshi, wanda ba shi da kuɗi ya kawo kara ko ya zo aikin gayya ranar gyara, a rubuta mishi a kaye daidai da wanda ya kawo tsaba.

Sai kuma bambanci tsakanin gari da gari, wanda shi COGES ba zai iya maganinshi ba, ƙara shi ma yake yi. Lakwal a cikin garin Tawa inda uwaye ma'aikata ne da 'yan kasuwa, ko garin masu albasa wajen Galmi, abin da za su tara a wata guda wata ruga a arewacin Abalak ko Cintabaraden ba za ta tara shi a shekara uku ba, balle inda rashin tsaro ya sa mutane barin gida. In anka bar kowace lakwal da ƙarfin uwayenta, ɗan mai hali ya ƙara gaba ɗan talaka ya ƙara baya, alhali sunan duka biyun makarantar gwamnati. Gwamnati ce kaɗai ke iya ɗauka daga inda akwai ta kai inda babu. An miƙa ma komin-komin harkar firamare a takarda tun 2016, amma miƙa aiki daban miƙa kuɗin aikin daban, kuma tun 2024 da anka rusa majalisun ƙananan hukumomi anka naɗa masu riƙo, babu kansilan da za ka je ka ce mun zaɓe ka ina ajinmu. Wannan ya sa tarayyar kwamitoci ta komin ta ƙara muhimmanci, shugaban COGES guda in ya je lameri shi kaɗai zai daɗe a benci, amma kwamitoci talatin da takarda guda mai lissafin azuzuwan zana da yaran da ke zaune ƙasa, dole a saurare su.

Akwai wata rijiya da mu mutanen Adar ba mu ja sosai ba, 'yan ci-rani. Babu garin da ba shi da ɗiya a Abijan ko Libiya ko Legas ko Kamaru, kuma suna da ƙungiyoyi suna tara kuɗi, masallatai nawa sunka gina, gawa nawa sunka kawo gida. Su ne kaɗai cikin jama'a ke da ƙarfin da zai iya tada aji na siminti, wasu garuruwan ma sun yi. Abin da ke hana su yawanci ba rowa ba ce, tsoro ne kar su aiko a cinye, kuma maganin wannan yanzu yana cikin aljihun kowa, a ɗauki hoton shafin kayen ma'aji da rasit a tura a gurup, a yi musu murya a faɗi abin da taro ya yanke. Sai dai kafin a sa bulo na farko a je wajen ansfekta da lameri a yi magana a rubuce, mu za mu gina, ku kuma malami da tabur-ban da littattafai, don an sha ganin aji sabo fil a kulle shekara biyu ba malami. Kuma a kira taron tun Satumba kafin a koma, ba sai yara sun yi wata guda suna yawo a fili ba, a yanka abin da za a biya amma a bar karɓa sai hatsi da wake sun shigo gida.